Zoben Roba da Ruwan Maƙeri

Ran kasuwar da ta wuce wani saurayi ya tsaya da motonsa, wato babur, bakin rumfata, ya ɗaga baƙin tabarau, ya leƙa tukunyar da nake motsawa, ya ce wa abokinsa, "Ashe dai narka roba ne kawai." Kawai! Ban tanka ba, bakina cike yake da goro. Amma da na koma gida maganar ta tsaya mini a wuya, na ce tunda samarin yanzu ba sa yarda da abu sai sun gan shi a rubuce, bari in rubuta. Kada wani ya raina rubutuna. Na yi lekol a nan Tasawa har na kai ajin da ake fara raba lamba da lamba. Nan muka dubi juna ni da mushe, malamin ajinmu, muka gane cewa ilimin duniya ya ƙare, abin da ya rage duk maimaici ne. Shi yana cewa korata ya yi. Ni na san sallama muka yi.

Sunana Isa, amma in kuka zo neman Isa a garin nan za a tara muku rabin masallaci. Ku ce Mushe Toka. Taubashina Haruna maƙeri ne ya laƙa mini sunan don ya ci mini mutunci, sunan ya kama, shi kuma ya tafi inda ba a dawowa ya bar ni da shi. Allah ya jiƙansa. Za mu zo kansa.

Sana'ata yin zoben ƙafar amalanke. In kun taɓa leƙa cibiyar ƙafar, akwai abin da ke zaune tsakaninta da sandar ƙarfen da take juyawa a kai. Duk nauyin kaya a kansa yake sauka. Na kanti sunansa rulma, mai ƴan ƙwallaye a ciki, kuma ranar da ya mutu amalanke ya zama gado. Nawa ba shi da ƙwallo ko ɗaya. Dunƙule ne mai kauri da rami a tsaka, na narkakkiyar roba da garin dalma. Bai kai rulma daɗewa ba, wannan ban taɓa ɓoye wa mai saye ba. Sai dai akwai shekarun da rulma ya zama labari a ƙasar nan, kuma amalanke ba ya tafiya a kan labari.

Ban fara da zobe ba. Da faci na fara, hannun maigida Sani a tasha. Facin wuta yake yi: ya shimfiɗa ɗanyar roba kan hujin, ya ɗora tsohon fiston mota, ya matse da ƙarfe, ya ɗiga esansi, wato fetur, kaɗan a ciki ya kunna. Wuta ta mutu, direba na tsaye kanka yana huci, fasinja na zagi, kai kuma hannunka na ƙaiƙayin kwancewa. Kana miƙa hannu sai ka ji sanda a bayan yatsu. Maigida Sani ba ya bayani, sandarsa ke bayani. A wurinsa na koyi cewa aikin roba kashi uku ne: zafi, matsi, da zaman jira. Na ukun ne ke korar masu koyo, don ba a ganin mutum yana yin komai, ga shi kuwa a nan aikin yake.

Bayan yunwar farko, wadda a cikinta soja suka karɓi mulki, amalanke ya yi yawa a ƙauyukan Tasawa da Mayahi. Raƙuma da jakai sun ragu, wanda ya tsira da sa ɗaya sai ya ɗaura masa. Rairayin ƙasarmu kuwa ba ya ga maciji da rulma, yana shiga ya cinye shi. Mutane suka riƙa zuwa tasha da ƙafar amalanke a ka, suna tambayar mu masu faci, don a ganinsu duk abin da ke da taya namu ne. Wasu sun gwada sassaƙa itace su cusa. Yana tafiya, amma kafin a kai kasuwa ya fara hayaƙi, mai amalanke na tafe kamar mai tallan gasasshen nama.

Zoben farko na yi wa wani mai dakon itace. Tsofaffin bido, wato jarkokin roba, na yayyanka na narka, na zuba a guntun bututun ƙarfe. Zallar roba, babu haɗi. Ya fito sumul, har na kai shi gida na nuna. Mutumin ya loda itace, bai bar gari ba zoben ya baje, ya tsattsafo ta gefen cibiya kamar an taka malmalar tuwo. Ya dawo ya ajiye mini a gabana, ya ce, "Malam, miya ta rage." Daga nan na gane roba ita kaɗai ba ta da ƙashi. Na je wurin masu zubin tukunyar dalma na roƙi garin da ke zuba in suna goge tukwane da magagari. Suka ba ni suna dariya, suna tambaya ko kunu zan dama. Garin nan shi ne ƙashin. Shi ke hana robar bajewa, shi ke kuma janye zafin gugar sanda ya fitar da shi. Amma in ka cika shi, robar ba ta isa ta riƙe kowace ƙwaya ba, sai zoben ya zama busasshe, ana danna shi ya tsage. In ka rage, ka koma tuwo. Ma'aunina wani tsohon gwangwanin tumatir ne, yana nan har yau, kuma ba zan faɗi gwangwani nawa ba. Ku ma ku sha wuya.

Wani na yi wa mai kai kanwa Mayahi. Bido ya yi mini ƙaranci, na ga tarin tsofaffin takalman roba a bola, na ce ai roba roba ce. Ashe roba ma tana da dangi. Ta bido da ta takalmi ba sa auren juna, ko ka kwana kana motsawa. A ido sun haɗu, da nauyi ya hau sai zoben ya riƙa ɓarewa ɓawo-ɓawo kamar albasa. Tun daga ranar kowace roba sai na yanki ƙyalli na kai wuta. Wadda ta ɗiga tana warin kyandir, tawa ce. Wadda ta yi baƙin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, ta koma bola.

Na wani limami kuwa, hira ce ta ɗauke ni, wuta ta yi yawa. Robar ta yi ja-ja-ja tana hayaƙi, na ce ba komai, ai ta ƙara nuna. Aka ɗora buhunan gero, zoben ya marmashe kamar ƙuliƙuli. Liman bai zage ni ba, addu'a ya yi mini doguwa, wadda na fi son zagi a kanta. In kuma wutar ta yi kaɗan, guntayen ba sa narkewa har ciki, sai su manne sama-sama, su rabu a hanya. Garin dalma mai laima ko mai maiƙo shi ma masifa ne: yana shiga zafi ya yi tururi, cikin zoben ya cika da ƴan ramuka kamar masa. Za ku lura duk misalaina na abinci ne. A shekarun yunwa na koyi aikin, ba abin da ke kaina sai shi.

To ga yadda ake yi. Ka wanke garin da ruwan toka, ka shanya ya bushe ƙarau. Ka narka robar a wuta mai sanyin hali, ta gawayi, kana motsawa, kana barbaɗa garin kaɗan-kaɗan. Ka shafa man kaɗe a cikin bututun, ka tsayar da sanda a tsaka don ramin, ka cusa haɗin da zafinsa. Ka ɗora murfi, ka sa kirik, wannan da ake ɗaga mota, ka matse har ka ji iskar ciki tana fita tana tsaki. Ka ɗaure murfin da noti yadda matsin ba zai saki ba. Sannan ka binne bututun gaba ɗaya cikin toka mai zafi, ka tafi harkarka sai gobe.

Tokar nan ba daga littafi na samo ta ba. Daga matata Hajo ne, wadda uwarta maginiyar tukwane ce. Ta ga ina fiffita bututu da faifai don ya huce da wuri, ta ce, "A gidanmu wanda ya fiffita tukunya a bakin wuta ba ya cin tuwon dare." Na ce mata wannan kimiyya ce, ba tukunya ba. Na jira ta shiga ɗaki, na binne a toka.

Kowane sabon haɗi sai na gwada shi kafin in sa wa mutum. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, a tasha sun saba da ni. In shiga ƙarƙashin mota mai lodi, in ɗora zobe kan kirik, in yi ta ɗagawa har nauyin ya sauka a kansa. Zoben kirki ba ya gardama. Yana ɗan lotsawa, ya fito da tumbi kamar ɗan kasuwar da ya dawo daga Makka, sai ya tsaya nan, ko ka ƙara ba ya ƙara. Mugun zobe kuwa tsaye yake ƙyam, ba ya nuna komai, kana cewa ka samu gwarzo, sai ka ji ƙas, ya rabe. A ƙarƙashin kamyo na ga abin da ruwa ke yi. Na taɓa tsoma bututu mai zafi a ruwa don sauri. Zoben ya fito yana sheƙi, ka ƙwanƙwasa shi ya amsa kamar ƙarfe. Da ya fashe na duba, ashe cikinsa kogo ne. Bayansa ya daskare nan take ya zama ɓawo, cikin kuma da sauran zafi, yana hucewa yana tsukewa, bai samu inda zai jawo ba sai ya bar rami. A toka kuwa ciki da waje tare suke hucewa, ba wanda ya bar wani.

Yanzu Haruna. Ɗan ƙanen uwata ne, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce mini ɗan lekol. Da na bar tasha, a gefen maƙerarsa na kafa rumfa, don gawayinsa da tokarsa. Maƙeri ne na gado, gatarinsa har Fulanin Mayahi na aiko saye. Kuma abu ɗaya ya sani tun yana riƙe wa ubansa zugazugi: abin da ya fito wuta, in ana son ya yi ƙarfi, ruwa ake tsoma shi. Gatari, wuƙa, bakin hauya, duk sai sun yi cuuu a kaskonsa. A kan ƙarfe gaskiyarsa ce. Kullum ya ga ina tona toka sai ya daina bugu ya kira mutane.

"Ku zo ku yi ta'aziyya, Mushe zai yi jana'iza. Mushe, wa ya rasu yau?"

"Hankalinka, bawana. Tun bara yake jinya."

"Ka kawo in tsoma maka shi ya zama namiji. Wannan dankali kake gasawa."

Na gaya masa maganar kogon, ba sau ɗaya ba. Ya ce ni ban iya tsomawa ba ne, tsomi gado ne, ba a koyonsa a lekol.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda damina ta yi ƙaura, kuma aka rufe iyaka da Nijeriya. Da can in rulma ya mutu, mai hali na aikawa Katsina. Yanzu ba hanya, soja ko'ina, wanda aka kama da kaya ya san sauran. Ruwa a gari ya zama abin rabo, mata na kwana a layin rijiya su dawo da abin da bai cika tulu ba. Kaskon tsomin Haruna da kansa ya bushe, ya koma yin aikin da ba ya son ruwa. Ni kuwa aikina ya yi yawa, don duk wanda ke da amalanke ya koma jigilar ruwa.

Wata safiya wani Bafulatani, Buba, ya shigo da amalanke, takarkari na ja, ƙafar hagu na kuka tun daga nesa. Tano biyu ne a kai, wato manyan gangunan ruwa, babu komai ciki. Mutumin wajen Mairairai ne, ya gangaro kudu da shanunsa, ƙarfinsu ya ƙare a wani kwari arewa da gari, tafiyar rabin yini. Akwai itatuwan gawo a wurin, iyalinsa na kakkaɓo musu ƴaƴa da ganye. Rijiya mai ruwa tana tsakaninsa da gari, amma kewayenta an tattake, ko tsinke babu, shanun kuma ba su da ƙafar zuwa su dawo. Amalanken nan shi ne bakinsu. Rulman ya watse, ya naɗa fata da tsumma ya lallaɓo.

Na cire ƙafar na auna. Na ce, "Baffa, gobe da safe."

Ya ce, "Kaɗo, shekaranjiya suka sha na ƙarshe."

"Na ji. Narkawa da matsewa yanzu zan yi a gabanka. Hucewar ce ba a hannuna take ba."

"Ba a roƙonta?"

"Na sha roƙo. Kurma ce."

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna a inuwar rumfa ya dogara da sandarsa, ya zuba wa hannuna ido. Al'adata in zuba biyu ko da ɗaya ake so, don in ɗaya ya ƙi. Kafin rana ta take na matse bututu biyu na binne. Ina share hannu sai ga mai shela: masu gida duka a hallara, soja sun kawo jar dawar taimako, wanda bai zo da kansa ba babu rabonsa. A zamanin nan in soja ya ce a zo, ba a cewa ina da abu a wuta. Haruna an riga an kira unguwarsu jiya. Na ce masa, "Bawana, ka duba mini toka, kada awaki su tona." Ya ce, "Tafi, zan yi zaman makokin."

Sai la'asar na dawo da ɗan buhuna a kafaɗa. Ba amalanke, ba Buba. Tokata a tone gefe guda. Haruna na zaune kan kututture ya ɗora ƙafa kan ƙafa, fuskarsa kamar wanda aka naɗa sarauta. Kaskon tsomi kuma da laima a gindinsa.

"Ina Bafulatanin?"

"Yana rijiya yanzu haka. Na sallame shi. Mushe, da ka ga abin! Sheƙi kamar sabon kwano. Na buga shi da masaɓa ya ce ƙal. Shi kansa Buba sai da ya ce yau ya ga aikin maƙeri."

"Ina ka samu ruwa?"

Ya ɗan kau da kai. Ashe tulun gidansa ya shiga ya juye, rabon yinin nan gaba ɗaya, matarsa na faɗa yana cewa shanun mutum za su mutu. Ruwan bai isa bututu biyu ba, shi ya sa ɗayan ke kwance a toka. To ku gaya mini, ku masu tabarau, yaya ake zagin mutumin da ya hana ƴaƴansa ruwa don dabbar baƙo? Na ce, "Gobe da asuba za ka raka ni arewa. Kai za ka ɗauki kirik."

"Me za mu yi a arewa?"

"Za mu kai masa dankalin."

"Zan je," in ji shi, "don in ga idonka lokacin da za mu same shi yana shan nono."

Ya ce in haka ne mu tafi yanzu mana. Na sa tafin hannunsa kan tokar, ya janye. Cikin na biyun bai gama hucewa ba. In na tone shi a lokacin, na zama Haruna na biyu, kuma ɗaya ma ya ishi garin.

Da gari ya waye na kwance noti na buge zoben ya fito. Mummuna, toka-toka, ba sheƙi ko kaɗan. Haruna ya juya shi ya ce ko kare ba zai ɗauka ba. Muka kama hanya, kirik a kansa, yana ba ni labarin kakanninsa da suka tsoma mashin yaƙi. Muka wuce rijiya da hantsi, cike da mutane da jakai. Bayan ta muka ga sawun amalanke biyu sun nutse cikin rairayi, alamar an yi lodi. Sun tafi sambal. Haruna na nuna mini da leɓe. Can gaba sawun hagu ya fara lanƙwasa kamar na maciji. Labarin kakanni ya tsaya. Muka hau wani tudu, sai ga shi a gangare.

Amalanken ya karkata, ƙafar hagu ta kwanta ciki. Tano ɗaya na ƙasa, bakinsa a buɗe, rairayin wurin ya yi duhu, gefe-gefe har ya fara bushewa. Ɗayan na nan ɗaure da igiya, an tokare amalanken da reshe. Takarkarin na kwance. Buba na zaune a inuwar tanon da ya rage. Tun jiya yake ɗiba a ƴar salka yana kai wa waɗanda suka fi galabaita a ƙafa, ya dawo, ya koma. Ƙafafunsa sun faɗi haka ba sai ya faɗa ba.

Muka yi sallama ya amsa, har da tambayar gajiya. Sannan ya ce, "Maƙeri, zobenka ya yi ƙara kamar bindiga. Na ɗauka soja ne."

Ya miƙo ɓari biyu daga aljihu. Haruna ya sauke kirik ya karɓa. Bayan zoben na nan da sheƙinsa. Cikin kuwa kogo, zagaye da ramin sanda. Ya sa babban yatsa a ciki, yatsan ya shige har gaɓa. Ya daɗe yana kallo. Ni kuma na ba sama ido, don taubashi ne, in na dube shi dole in yi magana.

Can ya ce, "Ruwan ne bai isa ba."

Buba ya nuna duhun rairayin da sandarsa. "Ga tano guda na ƙara masa. Bai warke ba."

Muka kafa kirik kan wani faffaɗan itace don kada ya nutse, muka ɗaga, na fitar da ragowar, na share rairayi, na shafa man kaɗe, na buga mummunan ya shiga. Da muka sauke nauyin na tsuguna ina kallo. Ya ɗan lotsa, ya fito da tumbinsa, ya tsaya. Muka ɗora tanon da ya zube. Takarkarin ya tashi da ƙyar, ya ja, rairayi ya riƙe. Sai Haruna ya tuɓe riga ya ɗaura a ƙugu, ya sa kafaɗa a bayan amalanken. Ban ce ya yi ba, Buba bai ce ba. Haka ya tura har kwarin, ni ina gefe ina sauraren ƙafar, ita kuma ba ta ce uffan ba.

Shanun da suka ji warin ruwa, masu iya tashi suka tashi. Matar Buba na aunawa a ƙwarya, kowace ta samu kaɗan, ana janye ta a kawo wata. Wata jar saniya, wadda Buba ya ce ta gadon uwarsa ce, tana kwance gindin gawo. An kai mata har baki. Ta riga ta wuce shan ruwa. Buba ya tsaya kanta kaɗan, ya juyo ya ce a ba maraƙin can nata rabon.

Ni na koma gari a ranar, aiki na jirana. Haruna bai biyo ni ba. Ya ce in gaya wa matarsa ya tafi duba wani aiki. Kwanaki ya yi a can, shi ke jan guga a rijiya, shi ke tura amalanke a tudu, har takarkarin ya ɗan farfaɗo. Ya dawo tafin hannunsa duk ya sale, hannun maƙeri fa, wanda ke ɗaukar garwashi. Na ce, "Bawana, an tsoma ka ke nan." Ya ce in rufe masa baki.

Zoben nan ya kai Buba har saukar ruwan sama. Ba duka shanun suka ga damina ba, amma waɗanda suka gani sun isa iri. Bayan shekaru, duk lokacin da ya biyo ta Tasawa sai ya zo da ƙwaryar nono. Haruna yake miƙa wa. Na ce, "Baffa, ni fa na yi zoben." Ya ce, "Na sani, kaɗo. Kai ka yi zobe. Shi ya yi tura." Haruna ya sha ya ƙoshi, ya miƙo mini ragowar yana cewa a ba almajirin maƙera. Sai da na tuna masa wane ne bawan wani.

Abin da ya canza shi ne tokata ta samu mai gadi. Tun daga shekarar, in na binne bututu Haruna ke jawo kututturensa ya zauna kusa, da guntun ƙarfe a hannu. Mai tallan ruwa ya kewaya. Mai buta zai yi alwala ya matsa can. Wata rana hadari ya taso ina kasuwa, na dawo a guje, na tarar ya kife kaskon tsominsa a kan tokar, ya rufa da buzunsa, shi yana tsaye ruwa na dukansa. Na ce, "Ashe ka yarda." Ya ce, "Da me? Ni dai ba na son a ce jana'izar gidanmu ta jiƙe."

Bai taɓa yarda ba. Har ya tsufa ya daina ɗaga masaɓa, in aka tayar da zancen a rumfa sai ya ce da tulun nan cike yake, da yau zoben na nan yana aiki. A ciwonsa na ƙarshe na je gaishe shi, ya kama hannuna, na sunkuya ina tsammanin wasiyya. Ya ce, "Mushe, ruwan ne bai isa ba." Na ce, "Na sani, bawana." Ya ce, "Ka binne wani yau?" Na ce na binne. Ya ce, "To me kake yi a nan? Wa ka bar wa gadi?"

Yanzu rulma ya cika kanti, ba mai zuwa wurina sai wanda ya saba, ko wanda nasa ya mutu ranar da ba mota. Ɓarin zoben nan ɗaya yana rataye a rumfata da igiya, har yau da sauran sheƙinsa. Kai mai tabarau, in ka sake biyowa ka tsaya, ka sauko daga moton, ka sa yatsanka a kogon, sannan ka sake faɗin kawai ɗin nan in ji. Amma ruwan ledar da ke hannunka ka shanye shi tun daga bakin hanya. Kututturen Haruna na nan kusa da toka, kuma ban tabbata ya bar aiki ba.